Illo Ba Ya Ɗora Kaya a Baya

Ni mai sudir ne, wato mai walda, sunana Seydou. Rumfata tana bakin hanyar da ta fita Agadez ta nufi Dabaga, kuma abin da ya karye a wannan hanya, in dai ƙarfe ne, wurina yake ƙarewa. Na liƙa ƙafar amalanke, na liƙa ƙofar shago, na liƙa tukunyar da mai ita ya rantse ta kakarsa ce. Mutane suna zuwa da ƙarfe da kuma dogon bayani. Ƙarfen nake dubawa.

Illo ya fi kowa daɗewa yana kawo mini aiki, kuma abu ɗaya yake kawowa, keke. In ka ce kekensa zai gyara maka magana. Keken wani anasara ne. A zamanin da masu yawon buɗe ido suke cika garin nan, Illo yana gadi a wani masauki, sai ga anasaran ya sauko daga arewa a kan keke, fata ta saluɓe, ciki ya ɓaci. Ya kwanta jinya, daga baya aka sa shi a jirgi. Kafin ya tafi ya damƙa wa Illo keken, ya ce ya riƙe masa, zai dawo. Yaran da aka haifa a wannan shekara yanzu suna da nasu yaran. Illo yana nan yana riƙe masa. Hawan da yake yi, in ji shi, don kada ya yi tsatsa ne.

Keke ne na kirki. Ƙarfensa yana karɓar wuta, ba irin na yanzu ba da ke narkewa da ka nuna masa sandar sudir. Yana da maɗorin kaya a baya kamar kowane keke, sannan yana da wasu biyu a gaba, ƙasa-ƙasa, ɗaya a kowane gefen taya. Anasaran yana rataya jakunkuna a wurin. Rana ta cinye jakunkunan, Illo ya koma rataya takalmansa.

Illo mutumin Adar ne. Tun yana saurayi ya zo arewa, ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma, aikinsa ɗaura wa raƙuma kaya. Fari ya kashe raƙuman maigidansa, ya koma gadi. Baƙi suka daina zuwa, aka rufe masaukin, ya koma ga keke. Yakan tafi Dabaga da yamma ya kwana wurin masu garka, ya taso da asuba da na'ana'a da salati da tumatir da albasa, ya raba wa masu shayi da matan da ke sayar da abinci a tasha. Da wannan ya ciyar da gida, da shi ya sa autarsa Ramatou a lakkol har ta gama karatu. Ban taɓa jin ya ce aikin yana da wuya ba. Ban kuma taɓa jin ya ce yana da daɗi ba.

Shekaru da yawa yana ɗaure kayansa a baya kamar kowa. Sai wata safiya ya shigo gari igiya tana jan ƙasa, babu buhun albasa. Buhun ya faɗi tun wajen rijiyar da ake shayar da raƙuma. Waɗanda ke wurin sun ce sun yi ta ƙwala masa kira, wani har ya bi shi da gudu yana buga tasa, Illo bai waiwayo ba. Ya ci gaba da taka keke yana jin daɗin ƙarfin da ƙafarsa ta yi ran nan. Kafin ya koma, an raba albasar tsakanin masu tsoron kada ta lalace.

Washegari ya zo rumfata ya nuna ƙarafan gaba.

"Seydou, waɗannan za su ɗauki bido?"

"Bidon me?" na ce.

"Biyu," ya ce.

Ya ba ni dalili ban tambaye shi ba. Ya ce baya yana nutsewa a yashi, in nauyi ya koma gaba keke ya fi tafiya a miƙe. Na gwada daga baya, gaskiya ne. Amma ba shi ne dalilin ba, ni da shi duk mun sani. Na ƙara wa ƙarafan ƙarfi, na yanke wa bido biyu, jarkokin mai, baki, na ɗaura ɗaya a kowane gefe. A saman taya na liƙa ɗan faranti don na'ana'a, wadda yake naɗewa a jiƙaƙƙen buhu. Tun daga ranar komai nasa yana gaban idonsa, maɗorin baya kuwa ko tsumma bai sake hawa ba.

Ɗaurin kayan Illo abin kallo ne ga wanda ba ya sauri. Yakan ɗauki kaya a hannu biyu, ya lumshe ido, ya auna, kamar yadda aka koya masa a ayari. Ya ce raƙumin da kayansa ya rinjaya gefe ɗaya, kafin a kai Bilma bayansa ya yi miki, kuma keke bai fi raƙumi haƙuri ba. Mai nauyi yana ƙasa, mai laushi yana sama. In ya gama sai ya saki gidon, wato mariƙin kan keke, ya riƙe sirdi kaɗai, ya tura keken. In kan ya karkata, ya sauke komai ya sake. Akwai kuma dutse, baƙi mai santsi, wanda ya tsinta a ƙoramar Telwa. Gefen da ya gaza nauyi, nan dutsen yake shiga. Masu garka sun yi masa dariya har sun gaji, mutum yana ɗauko dutse daga Dabaga ya kawo Agadez, gobe ya mayar da shi Dabaga. Bai ji dariyar ba.

Maganar kunnensa kuwa babu mai tayar da ita. Yana da amsa uku: "Lafiya lau," da "Haka ne," da "Allah ya sawwaƙe." Na lura sun ishi mutum zama a garin nan. Sau ɗaya kawai na ga sun saɓa. Wani mai shayi ya gaya masa matarsa ta haihu, Illo ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Mutumin yana da 'ya'ya da yawa, bai ɗauka da zafi ba. Ni dai in na kunna injin gurza ƙarfe kowa yana barin rumfar, Illo kaɗai yake ci gaba da shan shayinsa a kan benci.

Hanyar ce ta canza. Da aka samu zinariya a daji, kat-kat, motocin masu haƙa, suka cika ta, dare da rana, kowace da mutane da bido har sama. Direbobinsu suna danna kilakson sau ɗaya, suna ganin sun sauke nauyin da ke kansu. Ga mai kunne ya isa.

Wata safiya bara, Illo yana tsakiyar hanya inda ƙasa ta fi tauri, wata kat-kat ta danna masa, bai kauce ba. Madubinta ya doke shi a kafaɗa. Mutanen kirki ne, sun tsaya, sun ɗora shi da keken a sama sun kawo gari. Kafaɗa ta goce, mai ɗori ya mayar. Tumatir bai rayu ba. Direban ya ce abu na farko da tsohon ya tambaya da ya buɗe ido shi ne dutse, har suka ɗauka kansa ya taɓu.

Aka ajiye keken a rumfata. Ƙafafun gaba da ke riƙe taya sun lanƙwashe, maɗorin hagu ya karye. Aikin yini ɗaya ne.

Da yamma Ramatou ta zo a kan motonta. A farmasi take aiki, kuma tana magana kamar mai gaya wa mutum yadda zai sha magani. Muka gaisa.

"Baba Seydou, keken nan zai gyaru?"

"Zai gyaru."

"A'a."

"To."

"Ina nufin ka ce masa ba zai gyaru ba. Kai kaɗai ne in ka faɗa zai yarda."

"Yana yarda ne don ban taɓa ce masa ƙarfe ya mutu alhali yana da rai ba."

"To ka fara yau. Baba ba ya ji, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Na sayo masa na'urar sa wa a kunne. Ya sa sau ɗaya ya ce garin ya cika surutu marar amfani, ya jefa ta a gwangwanin facin taya. Wannan karon kafaɗa ce. Wani karon ni za a kira in je likita in duba ko shi ne."

Ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Na cire tayar gaba, na rataye keken a ƙuryar rumfa.

Illo ya fara zuwa kowace safiya, hannu a rataye a wuya, dutsen a aljihun riga. Ya zauna a benci.

"Ya ake ciki?"

"Ina dubawa."

"Haka ne."

Yana kallo ina liƙa ƙofofin mutane da suka zo bayansa. Kafaɗa ta warke, ya ci gaba da zuwa. Matan tasha suka koma sayen na'ana'a wurin wani mai moto, ta fi ta Illo yaushi amma tana zuwa. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Wata rana da babu kowa ya yi magana, idonsa a kan keken.

"Na san abin da yarinyar nan ta gaya maka. Ban ji ba, amma na ga motonta a nan."

Na ci gaba da goge ƙarfen da ke hannuna.

"Ba ta yi laifi ba," ya ce. "Amma in na zauna gida, Seydou, me zan auna?"

In na gyara, wataƙila na aika shi ƙarƙashin mota. In na bari, ga shi nan yana ƙarewa a kan bencina a hankali. Duka biyun da hannuna.

Sai ga Habsa, matarsa. Duk shekarun nan ba ta taɓa tako rumfata ba. Gajeriya ce, mai jiki, tana tafiya kamar wadda aka ɓata wa lokaci tun kafin ta fito. Illo yana zaune. Ta juya masa baya don kada ya karanta bakinta, ta yi magana da murya ta kullum.

"Seydou, gyara masa abin nan."

"Yaya Habsa, Ramatou ta ce..."

"Ni na haifi Ramatou. Tun da ya zauna gida ya jera mini tukwane biyu-biyu. Ya auna tulunan ruwa. Jiya ya ce gado ya karkata gefena, yana neman abin da zai ɗora a nasa gefen. In ya ƙara wata guda a gidan nan ɗayanmu zai bar shi."

"Amma ba ya ji. Za su take shi."

"Ni ina ji."

Ta wuce ƙurya ta dafa maɗorin baya, wanda ƙura ta rufe.

"Nan babu kowa. Ka sa mini katako da wurin ɗora ƙafa."

"Har Dabaga?"

"Wa ya ce Dabaga? Garaken Alarses, nan bakin Telwa. Na'ana'arsu ba ganye ba ce?"

"To in kin ji mota, yaya za ki gaya masa?"

"Tun aurenmu nake magana ba ya ji, tun kunnen yana lafiya. Amma wannan yana ji."

Ta miƙa hannu ta mintsine shi a kuiɓi. Illo ya zabura har shayi ya zube masa a gwiwa.

"Lafiya lau," ya ce.

Da hannu da baki muka bayyana masa. Ya dubi keken, ya dube ta, ya girgiza kai.

"Ba na ɗora kaya a baya."

Ta kai bakinta kunnensa. "Don me, Malam?"

"Yana faɗuwa ban sani ba."

Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗa da bakinsa.

"Ni ba albasa ba ce," ta ce, da ƙarfin da mai facin taya na maƙwabta ya ji. "In na faɗi zan biyo ka gida in gaya maka."

Na sauke keken. Na ɗumama ƙafafun gaba na miƙar da su, na liƙa maɗorin hagu, na ƙara wa na baya ƙarfe biyu. Na ɗaura katako, na sa wurin ɗora ƙafa a hagu, nesa da sarƙa don kada ta ci mata zani. Ina cikin shafa fenti Ramatou ta iso. Ta daɗe tana kallon katakon.

"Baba Seydou, na ce ka cire mini mutum ɗaya daga hanya. Ka ƙara mini na biyu."

"Haka ne," na ce.

Ta so ta yi faɗa, amma uwarta tana wurin, kuma faɗa da Habsa ba aikin yamma ɗaya ba ne. Sai ta kafa sharaɗi. Za ta bi su a baya da moto, ta danna kilakson lokacin da ta ga dama. In ya ƙi kaucewa ko sau ɗaya, a mayar da keken ƙurya, kuma ita za ta riƙe tayar gaba a ɗakinta. Habsa ta ce ta yarda. Aka gaya wa Illo, ya ce Allah ya sawwaƙe, wanda ya dace.

Da safe muka taru a gaban rumfa. Na zuba masa yashi a buhu biyu a maimakon kaya, ya auna su ido a lumshe, ya sa a bido. Habsa ta hau ta zauna a gicciye, ƙafafu a hagu, ta gyara mayafi. Ya taka, keken ya yi hagu kamar an ja shi da igiya. Ya tsaya ya sauke ta. Ya tsaya yana dubanta daga sama har ƙasa, irin duban da yake yi wa buhu. Sannan ya zaro dutsen daga aljihu ya sa a bidon dama.

"Da dutse za ka auna ni, Malam?"

Ya sake ɗora ta, ya taka, ya tsaya.

"Bai isa ba," ya ce.

Na shiga rumfa na ɗauko guntun ƙarfen mota da nake tokare ƙofa da shi. Ya karɓa, ya auna a tafi, ya sa kusa da dutsen. Habsa ta dube ni, na duba wani wuri. Wannan karon keken ya tafi a miƙe.

Na hau bayan Ramatou muka bi su. Ta bari sun yi nisa, ta matso ta danna. Hannun Habsa ya motsa, Illo ya sauka dama cikin yashi, muka wuce. Ta zagayo ta kashe inji a gangara don ta zo musu ba zato. Kafin ta kai yatsa ga kilakson ya riga ya kauce, Habsa ta ji ƙarar taya. Wata kat-kat ta gaske ta taho da gudu, ya kauce tun tana nesa, ƙurarta ta rufe mu duka. Kusa da garake kuma muka ga ya kauce alhali babu komai a hanya, ko jaki. Da muka tsaya Ramatou ta tambaya.

"Inna, wancan na ƙarshen fa? Babu mota."

"Wannan na wata tsohuwar magana ne," in ji Habsa.

Ramatou ba ta ce ta yarda ba. Ta ce Alarses kaɗai, ban da Dabaga, kuma su dawo kafin rana ta take. Ta tayar da moto. Washegari ta biyo ta rumfata ta ajiye ƙaramin matashi, ta ce in ɗaure a kan katakon da kyau.

Yanzu suna wuce ni kowace safiya. Na'ana'a a gaba, bido biyu, dutse da ƙarfena a dama, Habsa a baya tana gaisawa da mutanen da shi bai san sun gaishe shi ba. Wasu daga matan tasha sun dawo wurinsa, wasu ba su dawo ba. Dabaga ta wuce masa. Wani lokaci a mararraba yakan sassauta ya dubi arewa, sai a mintsine shi. Jefi-jefi kuma hannunsa na hagu yana barin gidon ya koma baya ya taɓa gwiwarta, yadda yake taɓa igiya ya ji ko tana nan. Takan doke hannun saboda mutane suna kallo. In sun ɗan yi gaba ya sake.

Kwanan baya ya kawo keken in duba masa birki. Ya dafa katakon da ƙarafan da na liƙa.

"Seydou, in mai keken ya dawo, wannan zai ciru?"

"Ba zai ciru ba," na ce.

"Haka ne," ya ce.

Ban san ko ya ji ba.